Allurar Dashbod Tana Rawa: Gaskiya ko Jita-jita?

Tsohuwar mota ba ta rasa abin faɗa, kuma da allurorin da ke gaban direba take magana. Yau gejin mai ya nuna rabin tanki, ana shan kwana ya faɗi ƙasa. Gobe allurar zafi ta doshi ja daga kunna fitila. Jibi maleji ya kama karkarwa alhali motar tana tafiya sumul a kan kwalta. Masu Peugeot 504 da 505 irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, da masu Golf, da Carina, da tsohuwar Hilux, da sauran motocin tokumbo da suka kwana biyu, duk sun san wannan ciwon kai.

Da zarar ka ambaci matsalar a tasha ko a gareji, fatawa za ta yi ta zuwa ta ko'ina. Wasu maganganun akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu, wasu asarar kuɗi kawai suke jawowa, wasu kuwa injin ɗungurungum suke kashewa. Mun tattaro waɗanda aka fi ji, mun auna su da yadda na'urorin suke aiki.

Kafin a shiga ciki, a riƙe wannan. Kowane geji abu uku ne a haɗe: sansa da ke jikin injin ko cikin tanki, da wayar da ta taso daga can, da allurar da kake gani. Sansa yana ƙara ko rage yawan wutar da ke bi ta cikinsa gwargwadon zafin ruwa ko yawan mai. Ita kuwa allura ba ta san zafi ba, ba ta san fetur ba, wutar da ta iso mata kawai take nunawa. Don haka duk abin da ya taɓa wutar nan, ko tsatsa ce a soket, ko sakwarkwataccen noti, allura za ta nuna shi tamkar daga injin ya fito.

“Allura ta fara rawa, dashbod ya mutu, a sayo wani”

Hukunci: Jita-jita, a mafi yawan lokuta.

Dashbod yana zaune a inuwa, ba ruwansa da laka ko ruwan sama. Sansa da wayarsa su ke shan zafin injin, da ƙurar hunturu, da ruwan damina, da girgizar gargada, ga kuma ɓeraye masu gaigayar waya idan mota ta daɗe a ajiye. Inda wahala ta fi yawa, can ya kamata a fara dubawa.

Tambayar farko ita ce: allura nawa ce ke rikicewa? Idan ɗaya ce, a nemi sansanta da wayarta. Idan biyu ne ko fiye, kuma tare suke rikicewa, to matsalar tana cikin abin da suka yi tarayya a kai, wato fiyus, ko wutar da ke ciyar da su, ko wayar at, wato wadda ke mayar da wuta batir ta jikin ƙarfen mota.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi a tsofaffin motoci masu sansan zafi mai waya ɗaya tak. A murɗa makulli ba tare da an tayar da injin ba, a zare wayar daga kan sansa: allura za ta kwanta a wurin sanyi. A taɓa bakin wayar da jikin injin na ɗan daƙiƙa ɗaya ko biyu: allura za ta miƙe ta doshi ja. In ta yi haka, geji lafiya lau, waya ma lafiya, saura sansa. Kada a bar wayar ta daɗe a jikin ƙarfe, kuma kada a yi wannan gwaji da sansa mai waya biyu da ke haɗe da kwamfutar mota.

Ba a ce dashbod ba ya lalacewa ba. Manyan motocin kamfanin General Motors na Amurka ƙirar 2003 zuwa 2006, irin su Silverado da Tahoe, sun yi ƙaurin suna wajen mutuwar ƙananan motocin lantarki da ke juya allurorinsu. Amma ko a nan, 'yan motocin nan ake cirewa a sa sababbi, ba lallai sai an sayi dashbod sukutum ba.

“Tunda mota tana tashi da bugu ɗaya, wayar at ba ta da matsala”

Hukunci: Jita-jita.

Wutar da ta bar batir dole ta komo masa, kuma ta jikin ƙarfen mota take komowa. Akwai kakkaurar waya daga batir zuwa bodi, akwai wata daga injin zuwa bodi, akwai kuma 'yan sirara a bayan dashbod da wajen tanki. Kowace da aikinta. Ta injin tana iya zama garau, kik ya yi ta juyawa yadda ake so, alhali ta bayan dashbod ta ci tsatsa.

Alamar wannan matsala ba ta ɓuya. Ka kunna fitila allurar zafi ta ɗaga. Ka taka birki gejin mai ya motsa. Ka ba da sigina allura ta riƙa ƙyaftawa tare da ita. Injin ba ya ƙara zafi cikin ƙiftawar ido don an kunna fitila. Abin da ke faruwa shi ne wutar fitilar ta rasa hanyar komawa mai kyau, sai ta ratsa ta cikin geji. A wasu tsofaffin motocin, idan wayar injin ta tsinke, wutar kan bi ta wayar totur ko ta maleji har ta ɗumama su.

Yawanci bayan an sauke injin, ko an yi fenti, ko an yi walda, ake ganin wannan, domin a lokacin ne ake mantawa da wata waya, ko a ɗaure ta a kan fenti. Ɗan riwaya mai mita zai auna tsakanin kan batir na baƙar waya da jikin injin, injin yana aiki fitilu a kunne. In bambancin ya haura kimanin volt 0.2 zuwa 0.3, akwai gyara. Maganin bai wuce a kwance noti, a goge wurin har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure tamau ba.

“Gejin mai da na zafi sun lalace rana ɗaya, sansa biyu za ka saya”

Hukunci: Jita-jita.

Da wuya sansa biyu, ɗaya a gaba cikin injin ɗaya a baya cikin tanki, su mutu lokaci guda. Wutar mota ba a tsaye take ba, tana hawa da sauka tsakanin volt 12 da 14 da 'yan kai. Saboda haka motoci da yawa na da can suna da wata 'yar na'ura a bayan dashbod mai daidaita wutar da ke shiga waɗannan geji biyu. A motocin Ingila irin su tsohuwar Land Rover, da kuma Golf 2 ta Jamus, volt 10 take bayarwa. A tsofaffin Ford da Chrysler na Amurka kuwa kimanin volt 5 ne.

Idan ta lalace, allurorin biyu za su haura tare ko su kwanta tare. Mai mota ya ga tanki ya cika ba tare da ya je gidan mai ba, ya ga kuma injin ya yi zafi ba gaira ba dalili. Wannan 'yar na'ura ba ta kai girman akwatin ashana ba, kuma ita ma sai da at mai kyau take aiki.

“A cire kan batir injin yana aiki, in bai mutu ba altaneto lafiya”

Hukunci: Jita-jita mai haɗari.

Gaskiya ne altaneto mai matsala yana rikita geji. Wanda yake cajin da ya wuce kima zai sa fitilu su yi haske fiye da yadda aka saba, kwan fitila ya riƙa ƙonewa, allurori su haura idan an taka totur. Wanda wani abu ya ƙone a cikinsa kuma zai iya sa allurar juyin injin ta riƙa tsalle. Amma wannan gwaji na cire kan batir, gadon zamanin motoci marasa kwamfuta ne. Batir shi ke shanye hauhawar wuta. Ka zare shi altaneto yana tsaka da aiki, wutar tana iya tsalle ninkin-ba-ninki na ɗan lokaci, ta ƙone kwamfutar mota, ko rediyo, ko shi kansa dashbod ɗin da ake neman gyarawa.

Mita ta ƙare magana. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna kimanin volt 12.6. Injin yana aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.7. Abin da ya haura 15 caji ne mai ɓarna, abin da ya kasa 13 kuwa alamar ba ya caji yadda ya kamata.

“Gejin zafi yana hawa yana sauka, ƙarya yake yi, ci gaba da tafiya”

Hukunci: Jita-jita, kuma ita ce ta fi kashe injin.

A nan ake buƙatar natsuwa, domin rawa iri biyu ce. Idan allura tana tsalle farat ɗaya, daga tsakiya zuwa ja ta dawo cikin daƙiƙa, musamman a kan gargada, wannan aikin waya ne. Ruwa ba ya zafi ya huce da irin wannan sauri. Amma idan tana hawa a hankali, ta ɗan jima, ta sauko, ta sake hawa, to gaskiya take faɗa maka. Ko ruwa ya yi ƙasa, ko iska ta shiga cikin hanyar ruwan, ko tamostat yana maƙalewa, ko fanka tana aiki tana tsayawa, ko kuma gasket ya fara ƙonewa yana hura hayaƙi cikin ruwa.

Akwai ma abin da ya fi wannan muni. Sansa sai yana cikin ruwa yake auna daidai. Idan ruwan ya tsiyaye har ya bar shi a fili, allura tana iya saukowa, direba ya yi hamdala, alhali injin yana toyewa. Allurar da ta kai ja sannan ta faɗo haka siddan ba albishir ba ce.

Haka kuma motoci da yawa daga shekarun 1990 an tsara gejinsu ya tsaya cak a tsakiya muddin zafin yana cikin iyaka, don kada direba ya riƙa firgita. Irin wannan geji in ya bar tsakiya, zafin ya riga ya yi nisa.

Abin yi shi ne a tsaya a kashe injin. Kada a buɗe murfin lagireto da zafinsa: murfin yana riƙe matsin da ke hana ruwan tafasa sai ya kai wajen digiri 120, kuma buɗe shi na sa ruwan ya yi tsartuwa ya ƙone fuska da hannu. In ya huce a duba ruwa. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket da ake jona na'urar bincike a karanta ainihin zafin da kwamfuta ke gani. Yawancin motocin Japan na wancan zamani sansa biyu gare su, ɗaya na geji ɗaya na kwamfuta, don haka kwatanta su yana nuna wanda ke ƙarya.

“Ƙasarmu da zafi, a cire tamostat allura ta zauna lafiya”

Hukunci: Jita-jita.

Wannan ta zama al'ada: mota tana sauka daga Kwatano ko Legas, sai a cire tamostat a haɗa fanka kai-tsaye. Amma ba don ƙanƙarar Turai kaɗai aka sa shi ba. An ƙera injin ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 80 zuwa 90 da 'yan kai, kuma tamostat ne ke kai shi can da wuri ya riƙe shi. In an cire, allura za ta kwanta ƙasa a kan babbar hanya da asuba, ta hau a cunkoson rana, wato rawar da ake gudu ta ƙaru. Mota mai kwamfuta kuma za ta ɗauka injin bai ɗumama ba, ta yi ta zuba mai fiye da kima.

Tamostat yana lalacewa, ba musu. In ya lalace a canza shi. Motar da ke zafi da lafiyayyen tamostat, a duba toshewar lagireto, da famfon ruwa, da fanka, da murfi.

“Rabin tanki na ƙasa ya fi saurin ƙarewa, akwai mai shan man”

Hukunci: Abin da ido ya gani gaskiya ne, zargin ne jita-jita.

Wannan magana ta sha haɗa maigida da direbansa faɗa. A cikin tanki akwai wani ɗan abu mai yawo a saman mai, an ɗaura shi a kan siririn ƙarfe, ƙarfen yana goga wani faifai mai canza yawan wuta. Tsayin mai yake aunawa, ba lita ba. Tanki kuwa ba a miƙe yake ba, an lanƙwasa shi ne ya sami wurin zama a ƙarƙashin mota. Ka dubi randa: idan ruwa yana wajen cikinta mai faɗi, sai ka ɗebi moɗa da yawa ba ka ga ya ragu ba, amma ya kusa gindi, moɗa biyu za ta nuna. Ga shi kuma idan an cika tanki maƙil, abin yawon yana manne a sama, sai an ƙone lita da dama kafin ya fara sauka.

Matsala ta gaske ita ce allura ta riƙa faɗuwa ƙasa a wani wuri ɗaya kullum, ta dawo in mai ya ragu ko ya ƙaru. Wannan faifan ne ya cinye a inda aka fi gogarsa, kuma ga mai sayen mai kaɗan-kaɗan, wajen kwata ne. In kuma kullum tana ƙasa ko an cika, wataƙila abin yawon ya huje ya nutse. Tankin da dutse ya lotsa shi ma yana hana ƙarfen motsi. Mai son sanin gaskiyar shan mai, ya cika tanki, ya rubuta kilomita, ya sake cikawa ya lissafa. Duk wanda zai buɗe tanki kuma, ya cire kan batir, ya nisanci sigari da ashana da janareta mai aiki.

“Gurɓataccen mai yana kashe gejin mai”

Hukunci: Akwai gaskiya.

A shekarar 2004, a jihohin Florida da Louisiana na Amurka, an rufe famfunan gidajen mai masu yawa bayan fetur mai ɗauke da farar wuta fiye da kima ya lalata gejin motocin mutane. Farar wutar tana cin azurfar da ke jikin faifan sansa, sai allura ta nuna akwai mai alhali tanki ya bushe. Ruwa da datti a cikin mai su ma suna kawo tsatsa. Sai dai ba kowace rawar geji ce za a ɗora wa mai ba, tsufa da sakwarkwacewar soket sun fi yawa.

“Fitilar baƙin mai tana ƙyaftawa, ai sansa ne kawai”

Hukunci: Yana iya zama haka, amma ba a caca da wannan.

Sansan baƙin mai yana lalacewa, yana ma yoyo. Amma ita wannan fitila ba yawan mai take nunawa ba, matsinsa take nunawa, kuma a motoci da yawa ba ta kamawa sai matsin ya faɗi ƙasa da rabin “bar” a ma'aunin matsi. Wato kafin ta yi magana abu ya kusa lalacewa. In tana ƙyaftawa a kwana ko wajen taka birki, man ya yi ƙasa. In tana kamawa a silo bayan injin ya yi zafi, ta mutu in an taka totur, ana zargin famfon mai, ko toshewar rariyarsa, ko cinyewar ƙarafan cikin injin.

A mota mai allurar baƙin mai, hawa in an taka totur da sauka a silo ba matsala ba ce, haka aka yi ta. Amma in fitilar ta kama, a kashe injin, a duba mai da sanda, sannan bakanike ya kwance sansa ya ɗaura gejin hannu ya ga matsin da idonsa. Cire kwan fitilar ko zare wayarta ba gyara ba ne, jiran ranar da injin zai buga ne.

“Maleji yana karkarwa, giyabos ya kusa tafiya”

Hukunci: Jita-jita.

A tsofaffin motoci wata waya ce mai juyawa cikin kube take tasowa daga giyabos zuwa maleji. In ta bushe, ko ta lanƙwashe, ko zarenta ya fara warwarewa, sai ta riƙa maƙalewa tana saki, allura ta yi ta rawa, wani lokaci har da ƙara. A zaro ta, a wanke, a shafa mata ɗan mai, ko a canza. A motocin baya-bayan nan sansan gudu ne da soket ɗinsa. Wanda kuma ya sa tayar da ta fi ta asali girma, ya sani malejinsa zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun da yake yi.

“Kowane sansa, in dai ya shiga ramin, zai yi aiki”

Hukunci: Jita-jita.

Kowane geji da ma'aunin sansan da aka yi masa. A tsofaffin motocin General Motors sansan tanki yana ba da ohm 0 in babu mai, 90 in ya cika. A tsofaffin Ford kuwa kimanin 73 ne in babu mai, 10 in ya cika, wato a juye. Ka musanya su, allura ta nuna cike lokacin da kake shirin tura mota. Haka sansan zafi yake: zaren notinsa yana iya dacewa, ma'auninsa ya saɓa. Sannan sansa mai waya ɗaya ta jikin zarensa yake samun at, don haka naɗe shi da farin tef ɗin masu gyaran famfo yana iya rikita shi.

“Ka ɗan doki dashbod, zai dawo”

Hukunci: Yana dawowa, amma ba gyara ba ne.

Dukan ya gaya maka abu mai amfani: akwai soket da ya saki, ko dalmar da ta tsage a bayan geji. Mai gyaran rediyo da ya iya hannunsa zai sake narka dalmar. Amma yau duka gobe duka, tsagar ƙaruwa take yi. Haka nan maye gurbin ƙonannen fiyus da guntun waya ko takardar kwalin sigari: fiyus ya ƙone ne don ya ceci wayoyin mota, in ka hana shi ƙonewa, su za su ƙone.

Abin da ya kamata mai mota ya yi

Kafin ka je gareji, ka lura da abu uku: wace allura ce, yaushe take yi, kuma me aka taɓa a motar kwanan nan. Wankin injin da ruwa mai ƙarfi, ko sa sabuwar rediyo, ko ƙarin fitilu, ko sauke giyabos, sau da yawa nan bakin zaren yake. Ka gaya wa ɗan riwaya duk wannan, ka kuma nemi a bi abin daki-daki: ruwa da baƙin mai tukuna, sai fiyus, sai kan batir da wayoyin at, sai caji, sai soket, sai sansa. Dashbod shi ne na ƙarshe.

Gejin mai da maleji suna iya jiran ƙarshen wata. Gejin zafi da fitilar baƙin mai ba sa jira: ka ɗauki maganarsu gaskiya har sai awo ya ƙaryata su. Duk mai gyaran da ya ce ka sayo wani abu bai ɗora mita a kan motarka ba, ka ce masa ya auna tukuna.